Man Gas Daga Tsohon Man Suya

Jawabi ga manoma da masu injuna na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.



Abin da ya kawo ni gabanku yau wata tambaya ce wadda ta yi ta zuwa ofishinmu, wasu da baki wasu a takarda. Tun ran 29 ga watan Mayu 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kuɗin sufuri da na aikin inji ya hau, man gas kuwa da ma can an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa. Mai injin niƙa ya ji a jikinsa, mai casar shinkafa a Tudun Wada ya ji, mai tarakta a Ƙiru da Doguwa ya ji, har matar da ta aiki yaro da kwanon masara ita ma ta ji. Cikin wannan hali sai labari ya bazu, wai a kan ɗauki man da aka gama suyar ƙosai da shi a mai da shi man inji. Wasu suka ce tatsuniya ce, wasu kuwa ba su tsaya tambaya ba sai suka kama gwadawa.

To, amsar ita ce labarin gaskiya ne. Amma gaskiya ce mai sharuɗɗa, wanda ya riƙi rabinta ya bar rabi zai yi hasarar injinsa, watakila ma ya yi hasarar idonsa. Saboda haka ina roƙonku ku saurara har ƙarshe.

ASALIN AL'AMARIN

Injin da mu ke zuba wa gas wani Bajamushe ne ya ƙago shi, sunansa Rudolf Diesel, daga sunansa ne kuma a ke ce wa man dizal. A shekarar 1900 aka yi wani babban bajekoli a birnin Faris, aka nuna irin wannan inji yana aiki da man gyaɗa zalla, mutane da yawa ba su ko lura da bambancin ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, don tana tunanin ƙasashen da ta ke mulki a Afirka, inda gyaɗa ta ke da yawa, man ƙasa kuwa sai an kawo daga nesa. Ku duba, shekara 11 ke nan kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wanda ya buɗe cinikin gyaɗar da ta tara dala a birni, har cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya noman. Ashe tun kakanninmu ba su san ƙarar inji ba, abin da su ke nomawa ya riga ya juya inji a Turai.

Sai dai ɗanyen mai yana da aibi, watau kauri. Ya fi gas kauri kamar ninki goma. A shekarar 1937 wani masani na Jami'ar Burasal a ƙasar Beljiyam, mai suna Chavanne, ya yi rajistar dabarar tsinka manja ya zama kamar gas, a 1938 kuma aka tuƙa motar haya da shi tsakanin Burasal da Luben. Wannan man da aka tsinka shi a ke kira bayodizal, mu kuwa sai mu ce gas ɗin tsiro. Yau ƙasar Indunisiya tana gauraya shi da gas ɗin da a ke sayarwa a gidajen mai, daga 2025 kashi 40 cikin 100 na manja ne. Nijeriya ma ta fitar da manufarta a kan irin wannan mai a 2007, ko da ya ke har yanzu bai zama abin da za ka tarar a gidan mai ba.

ME YA SA BA A ZUBA SHI HAKA NAN?

Injin gas ba shi da fulogi. Yana matse iska ne har ta yi zafi, sa'an nan ya fesa man ta wata 'yar kafa ƙarama ƙwarai, ya fita kamar hazo, ya kama da wuta. Mai kauri ba ya fesuwa, ɗiga ya ke yi. Abin da bai ƙone ba ya daskare a bakin nozul, ya kama zoben fistin, ya gangara cikin baƙin mai ya ɓata shi. Inji zai tashi yau, ya tashi gobe, mai shi yana murna ya sami araha, bayan 'yan watanni sai ga shi a gaban makaniki yana biyan abin da ya fi kuɗin gas ɗin da ya guje wa. Araha ba ta ado.

Ga yadda kaurin ya ke. Ku ɗauka ko wane ƙwayar mai kamar awaki uku ne aka ɗaure a turke guda. Duk inda za su sai su ja turken, ba su iya bi ta ƙaramar ƙofa. Turken nan shi ne wani abu mai danƙo da a ke kira gilisarin. Aikin da za a yi shi ne a kwance awakin daga turken, ko wace ta tafi ita kaɗai. Abin da ke kwance su wani ruwa ne mai suna metanol, abin da ke gaggauta aikin kuwa soda ce, irin wadda mata ke sayowa don yin sabulu. In aikin ya yi, gilisarin ya kwanta a ƙasa, gas ɗin ya taso sama.

YADDA A KE YI

Zan faɗa muku ma'aunin lita guda, don da lita guda a ke koyo. Kada kowa ya fara da duro.

1. Tacewa. A ɗumama man, a tace shi da tsumma mai tsabta, a raba shi da ɓurɓushin ƙosai da ƙaiƙayin kifi.

2. Korar ruwa. A ɗora shi a wuta har ya daina tartsatsi, a sauke. Wannan mataki shi a ka fi rainawa, shi ne kuma ya fi kayar da mutane. Ni kaina ya kayar da ni. Ranar da na fara gwadawa na yi gaggawa, ban bari ruwan ya fita ba, da gari ya waye na tarar da kwalbata cike da wani abu kamar kunun da ya kwana, ba sama ba ƙasa. Uwayenmu da ke nan sun san dalili: mai da soda da ruwa in sun haɗu, sabulu su ke yi.

3. Auna tsamin man. Sabon mai giram 3 da rabi na soda ya ke ci ga ko wace lita. Amma man da ya sha wuta ya kan yi tsami, tsamin nan kuwa yana cinye soda, don haka sai an ƙara. Ga yadda a ke sanin ƙarin. A narka giram 1 na soda cikin lita 1 ta tataccen ruwa mai tsabta. A sami mililita 10 na sifirit irin na asibiti mai suna aisofurofil, a zuba mililita 1 na man a ciki, a barbaɗa garin gangamau kaɗan, ya yi rawaya. Sai a riƙa ɗiga ruwan sodar da sirinji ana kaɗawa, har launin ya koma ja ya tsaya. Yawan mililitar da aka ɗiga shi ne yawan giram ɗin da za a ƙara. Misali, in an ɗiga 2, sai a sa giram 5 da rabi ga ko wace lita. In ya wuce 5, man ya mutu, ba shi da amfani ga wannan hanya.

4. Haɗa metanol da soda. Lita guda ta mai tana bukatar mililita 200 na metanol, watau kashi ɗaya cikin biyar. A zuba shi cikin jarka mai kauri, busasshiya, a sa sodar, a rufe, a riƙa jujjuyawa har ta narke duka. Jarkar za ta yi ɗumi. Kada a yi wannan cikin tukunyar dalma ko bokitin kwano, soda tana cin su.

5. Gaurayawa. A kashe wuta tukuna, a watsa wa garwashin ruwa, a yi nesa da murhu. A bar man ya huce zuwa digiri 55 a ma'aunin zafi. Dalili kuwa metanol yana tafasa a wajen digiri 65, in man ya fi haka zafi sai ya tashi ya zama tururi mai guba mai kama wuta. Sa'an nan a zuba haɗin a hankali, a rufe, a yi ta motsawa kamar sa'a guda.

6. Kwanciya. A ajiye shi ya kwana. Da safe za a ga hawa biyu, na ƙasa baƙi-baƙi mai kauri, na sama mai haske kamar zuma. A tsiyaye na saman.

7. Wanki. Har yanzu da sauran sabulu da soda a cikinsa. A yayyafa masa ruwa mai ɗumi a hankali, kada a girgiza, a bari ruwan ya kwanta fari kamar tsala, a zubar. A maimaita sau uku ko huɗu har ruwan ya fita garau. Kāna a shanya man a buɗe, inda yara da ƙura ba su kai, har ya washe, mutum ya iya hango yatsansa ta cikin kwalbar.

8. Jarrabawa. A zuba mililita 3 na man cikin mililita 27 na metanol, a girgiza. In ya narke ya ɓace, aikin ya yi. In wani ɗigo ya kwanta a ƙasa, da sauran ɗanyen mai, kada a sa a inji.

Mai mai kyau ya kan ba da abin da ya kusa lita daga lita. Wanda ya sha wuta da yawa ba ya kai haka.

HATSARIN DA KE CIKI

Yanzu na zo kan abin da ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci, ina so dagatai da masu unguwanni su riƙe shi su isar ga wanda bai zo ba.

Metanol guba ne. Fari ne kamar ruwa, ba ya ba da tsoro a ido. Cikin cokalin shayi biyu yana iya makantar da babban mutum har abada, abin da bai cika ƙaramin kofi ba yana iya kashe shi. Yana kuma shiga jiki ta numfashi da ta fata. A shekarar 2015 mutane da dama suka mutu a jihohin Ondo da Ribas, wasu suka makance, saboda sun sha barasar da ke da shi a ciki. Mugun halinsa shi ne ba ya nuna kansa nan da nan. Mutum ya kan yi rabin yini ko yini guda kamar lafiya lau, sa'an nan ciwon kai da amai su zo, gani ya dushe. Duk wanda a ke zaton ya sha, ko da kurɓi guda, a kai shi asibiti a take, a faɗa wa likita sunan abin. Kada a tsaya ba shi madara ko manja ana jiran a gani. Kada kuma a taɓa ajiye shi cikin gorar ruwa ko kwalbar lemo, ko a buta. Ku tuna yaran nawa ne su ka sha kananzir a ƙauyukanmu don an zuba shi a kwalbar da su ka saba sha.

Har wa yau metanol yana kama wuta da sauri, harshen wutarsa kuwa da rana kusan ba a ganinsa. Ba a aikin nan a ɗaki, ko a zaure, ko a madafa, ko kusa da rumbu da ɗan boto. A yi shi a fili mai iska, ba taba, ba ashana, ba fitila, da bokitin yashi a kusa.

Soda kuma tana cin nama. Mai aiki ya sa safar hannu ta roba, da tabarau mai rufe gefe, da riga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe. In ta fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa minti 15 ko fiye, sa'an nan a nufi asibiti.

Baƙin da ya kwanta a ƙasa, da ruwan wankin farko, suna ɗauke da ragowar metanol da soda. Ba a ba dabba, ba a zubarwa kusa da rijiya, ko a rafin da ke gangarawa Tiga, ko inda shanun dajin Ɗansoshiya ke shan ruwa. Ba a kuma hura wuta da shi, hayaƙinsa yana cutar da huhu. Rigakafi ya fi magani.

GA MASU INJI

Abu na farko, wannan mai na injin gas ne kaɗai. Galibin injunan ban ruwa da mu ke kai wa fadama, da babura, da ƙananan janareto, na fetur ne. Wanda ya zuba musu ya ɓata su.

Na biyu, a fara da gauraye, mudu ɗaya na gas ɗin tsiro cikin huɗu na gas ɗin gidan mai. Tsofaffin injuna masu tafiya a hankali, irin na niƙa da casa, sun fi jure masa. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa a bar su da abin da masu ƙera su su ka ce.

Na uku, yana wanke dattin da ya daɗe a tanki, saboda haka matatar mai za ta toshe da farko. A tanadi wata. Yana kuma cin tsohuwar tiyo ta roba, a riƙa dubawa.

Na huɗu, ƙarfinsa bai kai na gas ba, ya gaza da kamar kashi ɗaya cikin goma. A sa wannan cikin lissafi.

Na biyar, sanyi yana sa shi daskarewa, tun ba wanda aka yi da man da asalinsa manja ne ba. Kun san yadda man gyaɗa ke barci a kwalba da asubahin hunturu a Doguwa da Riruwai. Daga Disamba zuwa Fabrairu a rage yawansa cikin gaurayen.

SHIN AKWAI RIBA?

Nan ne zan faɗa muku abin da masu yaɗa labarin ba su faɗa. Tsohon mai ba shi da yawa a ƙasarmu. Mai ƙosai da mai waina da mai awara ba su zubar da mai, ƙari su ke yi a kai kullum, abin da ya rage kuma ya shiga miya. Wanda ya ce zai sayi sabon man gyaɗa ya mayar gas, ya auna kuɗin kwalba da kuɗin litar gas tukuna, zai ga ya sayar da doki ya sayi jaki. Banda haka abinci ne, bai kamata a raba shi da bakin yara a ba inji ba. Metanol kuma ba a samunsa a kasuwar ƙauye, sai wurin dillalan sinadarai a birni. Ma'aunin giram da ma'aunin zafi da kayan kariya duk kuɗi ne. Mutum ɗaya mai lita biyar a mako wahala kawai zai sha.

Amma akwai wata fuska. Man da aka yi ta soyawa har ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, likitoci sun yi gargaɗi cewa cinsa yana cutar da jiki. Yau irin wannan mai ba shi da inda za shi sai cikinmu, don ba mai sayensa sai talakan da zai ci. In ya zamana akwai mai saye don inji, mai suya ta sami 'yan kuɗi ta ƙara ta sayi sabo, mai ci ya tsira, mai inji ya rage kashewa. Wurin samunsa da yawa kuwa sananne ne: masu suyar kifi da kaji da doya a Kwanar Ɗangora bisa hanyar Zariya, da na tashar Tudun Wada bisa hanyar Jos, da manyan gidajen abinci na cikin Kano.

Akwai kuma bi-ni-da-zugu, wanda mu ke shinge da shi. 'Ya'yansa suna da mai, ba a ci, don guba ne, ana kuwa yin gas ɗin tsiro da shi. A ƙasar Mali an yi amfani da mansa wajen juya injunan ƙauye. Sai dai manyan gonakinsa da aka buɗe a ƙasashe da dama ba su ba da abin da aka zata ba. Kada kowa ya tuge dawa ya shuka shi. Wanda ke bakin shinge a riƙa tsince 'ya'yansa, ya isa.

SHAWARARMU

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shawarar da mu ke ba ku ita ce kada a mai da wannan aikin cikin gida, inda mata ke girki yara ke wasa. Masu injunan gari guda su haɗu cikin ƙungiyar gama kai. Su nemi dagaci ya nuna musu wuri a bayan gari, a kewaye shi, a sa ƙofa da kwaɗo. Su zaɓi samari biyu ko uku masu natsuwa waɗanda su ka yi karatun kimiyya a sakandare, su nemi malamin kimiyya na makarantar da ke kusa ya tsaya a kansu a gwajin farko. A sami littafi a riƙa rubuta ko wane haɗi: man wane ne, soda nawa ya ci, lita nawa ya fita, nawa aka kashe. Bayan wata uku a zauna a buɗe littafin. In da riba a ci gaba, in babu a bari, ba abin kunya ba ne. Abin da aka yi kuwa na injunan 'yan ƙungiya ne. Kada a jera shi cikin galan a bakin hanya, cinikin man inji abu ne mai doka da lasisi, wanda kuma ya sayar wa direba man da bai nuna ba ya ci amanarsa.

Wanda ke da sauran tambaya ya tashi ya yi yanzu, tambaya ba ta ɓata mutum. Wanda ya tuna da tasa daga baya ya faɗa wa mai unguwarsa ko malamin gona, za ta iso gare mu, za mu kuma amsa.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da hatsari, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Amin.